Wanzamin Gida

A garin Dudunni, cikin ƙaramar hukumar Kusada ta jihar Katsina, akwai wani tsohon wanzami wanda ya haura shekara 40 yana yi wa mazan wani gida aski. Maigidan ya gaje shi ne daga mahaifinsa, kamar yadda shi ma wanzamin ya gaji zabira daga nasa mahaifin. Duk wanda ya tashi a karkarar ƙasar Hausa ya san irin wannan dangantaka. Ba a biyan wanzamin gida duk ranar da ya yi aski. Idan kaka ta yi, sai a kai masa damin gero ko na dawa. Idan an yi haihuwa, shi zai zo ran suna ya aske jariri, ya tafi da rabonsa na rago. Idan kuwa yara maza sun isa kaciya, shi ake kira da sanyin hunturu. Ke nan babu wani namiji a wannan gida wanda askar tsohon ba ta taɓa kansa ba tun yana ɗan kwana bakwai.

Cikin 'ya'yan gidan akwai wani saurayi wanda gashinsa ya bambanta da na 'yan'uwansa. Mahaifiyarsa Bafulatana ce, kamar yadda auratayya tsakanin Hausawa da Fulani ta zama ruwan dare a wannan yanki, shi kuwa sai ya ɗauko gashin kawunnansa: mai laushi, mai kwanciya, wanda idan ya ɗan taru sai ya riƙa lanƙwasa kamar igiyar ruwa. Masana sun ce asalin wannan bambanci yana cikin fata, wato a siffar ramin da silin gashi yake tsirowa. Idan ramin zagayayye ne gashi ya fito a miƙe, idan ya ɗan baje gashi ya yi lanƙwasa, idan ya baje sosai sai ya murɗe. Tsohon wanzami bai san wannan bayani ba, amma yatsunsa sun san abin. Tun yaron yana ƙarami yakan ce kan nan ba ya son gaggawa, domin gashi mai laushi yakan kwanta a gaban aska maimakon ya tsaya a yanke shi.

Har saurayin ya gama sakandare, askinsa ɗaya ne da na kowa a gidan, wato ƙwal-kwabo. A zauna a kan tabarma a zaure, a jiƙa kai da ruwa da sabulu, a wasa aska a dutse a goga ta a fata, a kwashe gashi tas, a ɗora hula. Da ya sami shiga jami'a a birnin Katsina, sai ya tarar ana yi wa gashin da ya saba ɓoyewa cikin hula wani irin kallo. Abokai suka ce ai asara ce mai irin wannan suma ya riƙa kwashe ta. Mai shagon aski ya rage masa gefe da ƙeya da inji, ya bar sama ta ɗan taru, ya fitar da layin goshi, ya haɗa saje da gemu da wani siririn layi. Da wannan kai ya komo gida hutun Babbar Salla.

Mahaifinsa bai ce masa kome ba a ranar. Wannan shi ne abin da ya fi tayar wa saurayin da hankali, domin ya san halin tsohonsa. Ran jajibere, bayan sallar la'asar, sai aka aiko a kira shi zaure. Ya tarar da wanzami zaune ya buɗe zabira, maigida yana gefe yana jan carbi, ƙannensa sun yi layi a bakin ƙofa suna leƙe. Maigida ya ce, ba tare da ya dubi ɗan nasa ba, "A kwashe shi duka. Ba za a bi ni Idi da wanga kai ba."

Ya kamata mai karatu ya fahimci abin da ke cikin ran maigidan, kada ya ɗauke shi mai tsaurin banza. Yana da hujja ta addini, domin malamai suna kawo hadisin da ya hana a aske wani sashe na kai a bar wani sashe. Yana kuma da hujja ta al'ada, domin a wurin Bahaushen ƙauye tara suma alama ce ta wanda ba shi da mai kwaɓa. Game da gemu kuwa, a zamanin da maigidan ya taso kayan magidanta ne, saurayin da bai ajiye iyali ba gyaran fuska ake yi masa. Gaskiya ne tun bayan kafa ƙungiyar Izala a Jos a 1978 samari da yawa sun riƙa barin gemu saboda sunna, har ido ya saba da haka. To, amma wannan siririn layi da aka ja a muƙamuƙin ɗansa bai yi masa kama da gemun sunna ba, bai kuma yi kama da na dattako ba.

Sai dai akwai wani abin mamaki a nan wanda ya cancanci a ɗan tsaya a kansa. Askin da ya fi ɓata wa iyaye rai a shekarun baya shi ne wanda samari suka kira da sunan Baloteli, ɗan ƙwallon Italiya wanda ya ci Jamus ƙwallo biyu a gasar Turai ta 2012, lokacin da gidajen kallon ƙwallo suka cika har ƙauyuka. A kwashe gefe biyu a bar tsiri a tsakiya tun daga goshi har ƙeya. Ai wannan zanko ne, wanda wanzaman ƙasar Hausa suka daɗe suna bar wa yara, tare da tukku, tun kafin a san akwai wata ƙasa mai suna Italiya. Shi kansa maigidan da zanko ya yi yarinta, kuma mahaifin wannan wanzami ne ya bar masa shi.

Saurayin ya durƙusa ya cire hula. Tsohon bai ɗauki aska ba. Ya kama kan da hannu biyu ya juya shi wajen haske, ya bi shi da babban yatsa tun daga inda gashi ya kewaya a tsakar ka har zuwa goshi, ya daɗe yana dubawa.

"Wa ya yi maka wanga aiki, ɗana?"

"Wani mai shago ne a birni, Baba."

"Bai san kanka ba."

Ya nuna wa maigida abin da ya gani. Mai shagon ya yi wa gashi mai laushi irin aikin da ake yi wa murɗaɗɗe. Don layin goshi ya fito sosai, ya ci gashi ya shiga ciki da kusan faɗin yatsa, kuma idan aka ci gaba da haka duk mako biyu, saurayin zai yi kama da mai sanƙo tun bai yi aure ba. A ƙarƙashin haɓa kuma an yi askin gaba da kwanciyar gashi, ga ƙuraje nan sun fara fitowa. Gashin wuyan yaron nan, in ji shi, ba ƙasa ya nufa ba, gefe ya karkata kamar na kakansa na wajen uwa, wanda shi ma ya taɓa yi wa aski. Sa'an nan ya ce, cikin ladabi irin na wanda ya san matsayinsa a gida, "Maigida, in na sa aska bisa ƙurajen nan yau, gobe da jini za shi Idi. Ka bar ni in yi saisaye."

Ko gaskiya ne aska za ta fitar da jini, ko kuwa tsohon ya nemo wa uba da ɗa mafita ne kawai, shi ya bar wa kansa sani. Maigida ya yi shiru, shirun kuwa izini ne. Wanzami ya ɗauko almakashi ya rage saman kan har ya yi kusa da gefe, ta yadda ba mai cewa an aske wani sashe an bar wani, amma lanƙwasar gashin tana nan ga mai lura. Ya bar goshi bai taɓa ba, ya ce gashi yana tsirowa kamar santimita ɗaya a wata, ko da yake shi da yatsa ya auna, kafin wata biyu gurbin zai cike. Siririn layin ya share shi, ya bar gemun haɓa, ya rage gashin baki. Wannan ɗan aikin da sabuwar reza ya yi shi, wadda ya ɓare daga takardarta a gaban kowa. Tun da ma'aikatan lafiya suka yi ta faɗakarwa cewa ciwon hanta da ƙanjamau suna iya bin aska daga mutum zuwa mutum, ya daina musu. Askar gadonsa tana cikin zabira tare da ƙaho, yana wasa ta, amma ba kasafai yake sa ta a kan mutum ba.

Da aka gama, saurayin ya sa hannu a aljihu ya fito da kuɗi, kamar yadda ya saba a shago. Tsohon ya dube shi, ya dubi maigida, ya ci gaba da naɗe kayansa. Sai da ƙaninsa ya taɓa shi ya gane, ya mayar da kuɗin yana jin kunya.

Wanzamin yana da ɗa namiji wanda ya koya wa sana'ar tun yana yaro. Yanzu ɗan yana da shago a Kankiya, a bakin hanyar Kano zuwa Katsina, da inji biyu da janareta da madubi, da hotunan kawuna iri iri a bango. Abin da yake samu a makon Salla kaɗai ya fi darajar damman da ubansa yake tarawa, kuma ba wanda zai zarge shi a kan haka. Amma mai shago kai yake karɓa ya sallama, ba ya tambayar ɗan wane ne. Idan an yi haihuwa a Dudunni, hannun tsohon kuwa ya fara rawa, ɗan yakan zo a kan babur da sassafe ya yi askin suna, uban yana zaune a gefe yana nuna masa inda zai sassauta a madiga.

Ran da saurayin zai koma makaranta, a Kankiya ya tsaya neman mota. Ya shiga shagon ya zauna, ya faɗa wa ɗan wanzamin cewa kada ya taɓa goshi, kuma gashin wuyansa gefe ya karkata. Mai shagon ya duba, ya shafa da yatsa, ya yi dariya.

"Wurin tsoho ka ji wannan," in ji shi, ya kunna inji.