Murfin da Baba ya bar mana

Sau uku uwargidana tana yi mini maganar a waya, sau uku ina ce mata sai na dawo. Lokacin ina Galmi ana lodin albasa, hankalina duk yana kan buhu nawa mota za ta ɗauka da abin da za a biya a kan iyaka. Ta ce ruwan bayi ya daina wucewa, in an zuba sai ya tsaya cak. Na ce su ƙara haƙuri. Duk ɗan kasuwar da ke bin hanyar Nijar zuwa Accra ya san wannan amsa, don kusan kowa ya taɓa ba da ita.

Na iso Nima a tsakiyar watan Mayu na 2022, bayan ƙaramar Sallah. Na sauke kaya a Adjen Kotoku, inda aka mai da kasuwar albasa daga Agbogbloshie a 2021, na taho gida da dare. Tun daga bakin lungu hancina ya gaya mini abin da na ƙi saurara a waya.

Gidanmu gidan gado ne. A 2014, shekarar da kwalara ta shiga Accra ta kwantar da dubban mutane, ta kashe fiye da ɗari biyu a faɗin Ghana, mu ma bayin haya muke zuwa kamar yawancin gidajen zango, a bi layi a biya. Ƙanwata ta kwanta a lokacin, Allah ya tashe ta. Daga nan Baba ya yi rantsuwa sai ya yi bayi a cikin gida. Ya tara kuɗi, a 2015 aka haƙa rami a tsakar gida, wanda a Kano ake ce wa sokawe, mu nan manhol muke cewa. Aka rufe bakinsa da murfin ƙarfen zubi, baƙi, mai nauyin da sai mutum biyu. Baba ya rasu a 2018, Allah ya jiƙansa. Tun daga ranar ban taɓa tunanin murfin nan ba. Takawa nake yi in wuce.

Washegari na kira masu motar yasar masai. Lungunmu mota ba ta shiga, sai suka tsaya a bakin titi suka yi ta haɗa tiyo har ya iso. Yaron mota ya sa ƙarfe a hancin murfin ya ɗaga, ko motsi. Muka taru mu huɗu, har rodin ya lanƙwashe. Tsatsa ta haɗe murfin da bakinsa sun zama abu guda. Direba ya duba agogo ya ce yana da wani aiki a Mamobi, in mun buɗe mu kira shi. Na ba shi kuɗin mai, suka naɗe tiyonsu, maƙwabta na kallo.

Raina ya ɓaci, ga kunya. Ga kuma hadari kullum da yamma yana haɗowa, don Yuni ne watan ruwa a Accra. Wanda ya ga daren 3 ga Yuni 2015 ba sai an koya masa tsoron ruwan garin nan ba. In aka yi ruwa mai ƙarfi rami yana cike, abin da ke ciki tsakar gida zai fito, inda yara ke wasa, inda ake girki, daga nan ya gangara babbar kwata. Sai na aika ɗana ya kira mai walda, ya zo da wutarsa a gasa bakin murfin, in ya ƙi a yanka shi. Ni kuma na ɗauko babbar guduma.

Na ɗaga ke nan sai na ji murya daga ƙofa. Wani dattijo ne maƙwabcinmu, tsohon makanike, abokin Baba. Da sandarsa ya shigo.

"Ajiye gudumar nan, ɗana."

"Baba, ai ya ƙi buɗuwa ne."

"Na gani. Shi wancan yaron da ka aika, me zai kawo?"

Na gaya masa. Ya yi salati, ya ce a bi yaron a dawo da shi maza. Sannan ya sa aka kawo masa kujera ya zauna, ya yi mini bayanin da har yau ban manta ba.

Ya ce ramin da ya shekara huɗu a rufe, iska biyu ke taruwa a cikinsa. Ɗaya mai kamawa da wuta ce, 'yar'uwar gas ɗin girki. Tartsatsi ɗaya ya ishe ta ta ɗaga murfin da wanda ke tsaye a kai. Ɗayar ita ce mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. In ta yi yawa sai ta kashe hanci, mutum ya ɗauka wari ya tafi, numfashi kaɗan ya faɗi. Shi ya sa ake jin an rasa mutum biyu ko uku a rami ɗaya: na farko ya faɗa, na biyu ya bi shi ceto. Gudumar kuwa, ya ce ƙarfen zubi ba ya lanƙwasa, tsagewa yake yi kamar tukunyar ƙasa. In na doke tsakiya, rabi zai faɗa ciki, in sayi sabo, in bar rami a buɗe da yara a gida.

"To yaya za a yi, Baba?"

"Yau dai ba za a buɗe ba. Ka kwantar da hankalinka."

Ya ce tsatsa ta fi ƙarfen da ta ci kauri, shi ya sa take cika tsagin da ke tsakanin murfi da bakinsa ta matse. Iskar teku mai gishiri na ci ta sama, tururin rami na ci ta ƙasa. Aikin shi ne a rage ta sannu a hankali. Aka kashe murhu, aka hana kowa kunna ashana ko taba. Na durƙusa da tsohuwar sukuddireba da buroshin waya, na bi tsagin nan zagaye, ina tono ƙasa da jar tsatsa, ɗana na sharewa. Awa biyu muka yi. Sai dattijon ya sa aka gauraya baƙin mai da ɗan kananzir, aka ɗiɗɗiga a tsagin kaɗan kaɗan, yadda zai jiƙa shi ba tare da ya kwarara cikin ramin ba. Ya ce a ƙara da la'asar, a ƙara bayan isha'i, a bar shi ya kwana.

Daren nan ban yi barcin kirki ba, kunnena na kan kwanon rufi. Allah ya taimaka, yayyafi kawai aka yi.

Bayan asuba ya dawo. Ya sa na ɗora guntun katako a gefen murfin, ina bugun katakon da ƙaramar guduma, ina matsawa gaba, har na zagaye sau uku. Katakon na hana tartsatsi, yana kuma hana ƙarfen tsagewa. A zagaye na uku amon ya canza. Muka sa dogon ƙarfe, muka yi masa matashi da itace, muka danna a hankali. Sai ga gefe ɗaya ya ɗaga kamar faɗin yatsa. Aka cusa itace, aka koma ɗaya gefen. Da ya saki, ya ce a ja shi gefe, kada a ɗaga shi tsaye ya faɗo a ƙafar wani. Kowa ya ja baya, ba mai leƙawa, aka kori yara waje har iskar ta fice. Kafin azahar mota ta zo ta kwashe.

Ina wanke hannu ne ya ce mini, "Ka san mahaifinka duk shekara kafin damina yakan zo wurina karɓar giris?"

Na ce ban sani ba.

"A gwangwanin madara nake zuba masa. Ya buɗe murfin nan, ya duba inda ruwa ya kai, ya goge bakin, ya shafa, ya mayar. Kai lokacin kana hanya."

Na rasa abin cewa. Na gaji gidan, na gaji abokan cinikinsa na Galmi, har littafin bashinsa yana hannuna. Wannan aikin ne ba a rubuce yake ba, kuma da yake bai taɓa fasa shi ba, babu wanda ya san ana yinsa. Uwargida tana tsaye da buta, ba ta ce komai ba. Na ce mata, "Hajiya, ki yafe ni." Ta ce, "Allah ya yafe mana. Amma gobe in na yi magana a waya, a ji."

Yanzu a littafin da nake rubuta lodi da bashi, akwai layi ɗaya a watan Afrilu: murfi. Kafin in kama hanya, ni da ɗana mukan buɗe, mu tsaya nesa iska ta fita, mu auna zurfin da doguwar sanda, mu shafa giris. Bai kai rabin awa ba. Lambar masu mota tana wayar uwargida, kuɗin yasa kuma a hannunta nake bari, ba sai ta jira ni ba.

Bana da muka gama, yaron ya ɗauki gwangwanin ya tambaye ni inda za a ajiye. Na nuna masa saman tagar ɗakin kakansa.