Mota a allo, mota a rairayi

Tamanhint ƙaramin gari ne kusa da Sabha, a kudancin Libiya. Akwai ƴan Nijar da yawa a wannan yanki. Sun biyo hanyar Agadas da Dirku, sun zo neman aiki.

A garin akwai wani yaro da ke zaune wurin kawunsa, mai gyaran motoci. Yaron nan yana son mota ƙwarai. Tun yana ƙarami yake ƙera motar kara da ta gwangwani. Yanzu ko daga nesa ya ji kukan inji, yana iya faɗin sunan motar.

Yawancin motocin da ake kawowa garajin kawu na ƙasar Japan ne. Kamfanin Toyota ya fara ƙera Corolla a 1966, Hilux kuma a 1968. Corolla ƙarama ce, ba ta shan mai da yawa, kayan gyaranta ba su da wuyar samu. Shi ya sa talaka ke son ta.

Da dare kawu yakan ba shi labarin tseren motoci na Paris-Dakar. A 1989 masu tseren sun yada zango a Sabha, sannan suka wuce Dirku da Agadas. A 1997 wani mutumin Japan, Kenjiro Shinozuka, ya cinye tseren da Mitsubishi Pajero. Amma tseren ya bar baƙin ciki a wasu ƙauyuka, domin motocinsa sun kaɗe mutane, har da yara. Tun 2020 a Saudiyya ake yin sa.

Yaron kuwa a allo yake nasa tseren. Akwai wani wasan bidiyo mai suna Gran Turismo, wanda ya fito a Japan a 1997. Ran nan ya dawo daga shagon wasa da murna, ya ce:

— Kawu, na iya tuƙi! Sau uku ina zuwa na ɗaya.

— Madalla, ɗana. Sau nawa ka yi karo?

— Sau biyar. Amma ba komai, sai in danna maɓalli in sake.

Kawu ya nuna masa wata Hilux da aka kawo gyara, ya ce:

— Wannan tana ɗaukar mutum fiye da ashirin a cikin Tenere. In ta mutu tsakanin rijiya da rijiya, direba bai san inji ba, guzurin ruwa ya ƙare, wane maɓalli za a danna?

Yaro ya yi shiru.

Tun daga ranar, in ya taso daga makaranta sai ya tsaya kusa da kawu. Ya koyi duba mai da ruwan inji. Ya koyi kakkaɓe matatar iska, domin ƙura tana toshe ta. Ya gane cewa a rairayi ana rage iskar taya don ta baje, kada ta nutse. Yana zuwa wasan har yanzu, amma ranar Juma'a kaɗai.

Tambayoyi

1. Me ya sa talaka ke son Corolla?
2. Waɗanne garuruwan Nijar ne tseren 1989 ya ratsa?
3. Don me ake rage iskar taya a rairayi?
4. Mene ne bambancin karo a allo da karo a hanya?