Garin Magani da Saiwar Tofa

Mu da muke tsakanin rumfa da masallaci muna ganin mutum sau biyu: ranar da ya zo ciniki da ƙarfinsa, da ranar da aka shimfiɗe shi gabanmu mu yi masa salla. Cikin 'yan shekarun nan, da yawa daga waɗanda muka sallata a unguwar nan ba tsofaffi ba ne. Magidanta ne masu ƙananan yara, kuma labarin kusan ɗaya: ido ya yi ɗorawa, ciki ya kumbura, jiki ya zube, wata uku ko huɗu sai a aiko mana. A gida a ce sammu ne, takardar asibiti kuwa ta ce kansar hanta.

Na baya-bayan nan maƙwabcin rumfarmu ne a babbar kasuwar Jalingo, mai sayar da masara, Allah Ya jiƙansa. Ana cikin jinyarsa wani matashi ya tare mu bayan Isha'i da jaka a rataye.

"Baba Liman, maganin sitem sel ne, daga waje ake kawowa. A ƙarƙashin harshe ake zuba garin, yana sabunta hanta. In kun sanar wa jama'a, kuna da kasonku."

Maganar gaskiya, ba mu kore shi ba. Kasuwa ta yi sanyi, kuma ɗan kasuwa in ya ji kaso, kunnensa sai ya motsa. Muka ce ya ba mu kwana biyu, muka nemi ɗan ƙanwarmu da yake likita.

Ya juya ledar, ya ce, "Kawu, kun san tofa?" Wa ya taɓa noma a Taraba bai san tofa ba? Ka sare ta, ka banka mata wuta, ruwan farko ta fito kore shar, don saiwar tana ƙasa. Ya ce to, abin da ake kira sitem sel gaskiya ne akwai shi: uwayen ƙwayoyin halitta ne da Allah Ya ajiye a jiki, su ke haifar da sababbi in tsofaffi sun mutu. Amma masana sun gano cewa a cikin ƙarin kansa ma akwai 'yan ƙwayoyi masu irin wannan hali. Ba su da yawa, suna jure magani, suna lafewa. Ana ganin suna cikin dalilan da ke sa a yanke ƙari a hanta, mutum ya miƙe, bayan wani lokaci ciwon ya dawo. Yadda za a kashe wannan saiwa, har yau bincike ake yi.

Muka ce to garin fa? Ya yi dariya. Ƙwayar rayayya ce, ba ta zama a leda cikin zafin Jalingo. Inda ake magani da ita da gaske, kamar dashen ɓargo ga masu sikila, wanda aka fara yi a ƙasar nan a asibitin koyarwa na Jami'ar Benin a 2011, ta jijiya ake sakawa, bayan gwaje-gwaje da dogon shiri. Kansar hanta kuwa, in an kama ta da wuri, aiki ake yi a yanke, ko a ƙone ƙarin, ko a yi dashen hanta.

Abin da ya fi tsaya mana a rai shi ne inda ciwon yake farawa. Mafi yawa a wajenmu daga ciwon hanta nau'in B ne, wanda yaro kan ɗauka wurin haihuwa ko yana ƙarami, ya zauna shekara ashirin, talatin, ba ko ciwon kai. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna kusan mutum 8 cikin 100 na manya a Najeriya suna ɗauke da shi. Allurar rigakafinsa ta shiga jerin na yara tun 2004, kuma ta farko ana son a yi ta cikin awa 24 da haihuwa. Mu kuwa sai a ce jariri ba ya fita sai an yi suna. Ga askar wanzami ɗaya ta zagaye yara ranar kaciya.

Sai kuma wadda ta shafe mu kai tsaye. Gyaɗa da masarar da suka yi funfuna suna ɗauke da guba mai cin hanta, kuma in ta haɗu da wancan ciwo, haɗarin ninkuwa yake yi. Mu nawa ne muka taɓa cakuɗa buhun da ya sha danshi da mai kyau don kada mu yi asara? Ba sai mun ɗaga hannu ba.

Muka mayar wa matashin ledarsa, ba mu yi sanarwa ba. Amma ba mu je gidan maƙwabcinmu mun faɗa musu abin da muka ji ba, wai kada mu kashe musu gwiwa. Ashe yaron ya riga ya shiga ta wurin mata. Sai bayan sadakar uku muka ji an sayar da filinsa na hanyar Kona an sayi garin.

Mako biyu bayan haka muka kwashi iyali muka je Cibiyar Lafiya ta Tarayya aka ɗebi jininmu. Cikin yaranmu an sami ɗaya yana da shi, ɗan shekara ashirin da huɗu, wanda muke shirin yi wa aure. An ce ya riƙa zuwa ana duba hantar duk wata shida, in ta kama a ɗora shi kan ƙwaya. Yarinyar da zai aura ma mun ce a gwada ta a yi mata allura, kuma mu da bakinmu muka je muka gaya wa mahaifinta.