Ciwon da ba ya kuka

Hausawa sun ce jiki magayi, kuma a mafi yawan lokuta gaskiyarsu ne. Wanda masassara ta kama ba ya bukatar mai gaya masa, haka nan wanda kunama ta harba a gona. Shi ya sa mutanen Damargu, manomansu da makiyayansu, suka saba auna girman cuta da yawan zafinta: wadda ta hana barci ita ce babba, wadda kuwa ta bar mutum ya ci tuwo ya tafi kasuwa ba ta isa a ɗaura amalanke saboda ita ba. Wannan ma'auni yana aiki ga ciwon ciki da na kai da na haƙori. A kan fata ne yake cin amanar mai shi.

Dubi ƙazuwa, alal misali. Ita ba ta san kara ba. Wani ɗan ƙwaro ne da ido ba ya iya gani yake haƙa rami cikin fata, tsakanin yatsu da wuyan hannu da ƙugu, kuma da dare ya yi sai gida duka ya kwana susa. Kafin kasuwa ta zagayo an nemi magani, kuma tana mutuwa cikin ƴan kwanaki muddin aka shafa wa kowa da kowa na gidan maganin a lokaci guda, aka wanke tufafi da mayafai. To amma cututtukan da ke barin mutum da naƙasa, ko da tabon da zai shiga kabari da shi, ba sa yin irin wannan hayaniya.

Akwai wani ɗan kasuwar hatsi a ƙasar Tarka, mutum mai shekaru arba'in da ƴan kai, wanda ke bin ƙauyukan gulbi da kaka yana sayen gero, ya tara, ya kai Balbeji da Tanut idan farashi ya ɗaga. Matarsa ce ta fara ganin tabon a bayan kafaɗarsa, faɗinsa kamar na dala ashirin, ya ɗan fi sauran jikin haske, da ja-ja kamar tagulla. Ba ƙaiƙayi, ba zafi, ba ruwa. Ya ce ƙyasbi ne, kowa ma yana yinsa da bazara. Ya sayi man shafawa wajen mai talla a tire, ya shafa har kwalba ta ƙare, ya manta da zancen. Damina uku suka wuce. Tabo na biyu ya fito a cinya, na uku a damtse, ɗan ƙaramin yatsansa na dama ya riƙa yin nauyi kamar an kwanta a kansa. Duk wannan bai kai shi likita ba. Abin da ya kai shi shi ne wata rana da ya sauke butar shayi daga wuta da hannu, bai san ta ƙone shi ba sai da abokan hira suka nuna masa bororon da ya tashi.

Ma'aikacin jinyar da ya tarar, wanda mutane ke ce wa majo, saurayi ne da bai daɗe da fitowa daga makaranta ba. Ya wanke ƙunar ya ɗaure, sa'an nan ya tambaya yadda aka yi wuta ta ci mutum haka bai janye hannu ba. Da ya ji amsa sai ya ce: "Alhaji, ka yi haƙuri, a tuɓe rigar nan mu fita waje inda haske yake." Ya murɗa ɗan auduga ya yi masa tsini, ya ce: "Rufe idanunka. Duk inda ka ji na taɓa, ɗora yatsanka a wurin." Ya taɓa wuya, Alhaji ya nuna. Ya taɓa gadon baya, ya nuna. Ya taɓa tsakiyar tabon sau ɗaya, sau biyu, sau uku, Alhaji na tsaye yana jira, daga bisani ya ce: "Majo, ci gaba mana, me ka tsaya yi?" Majo ya kama gwiwar hannunsa ya laluba ta baya, ya ji jijiyar wurin ta yi kauri kamar igiyar guga.

Wannan ɗan auduga, mai karatu, bai kai dala ba, amma aikin masu bincike na fiye da shekara ɗari ne yake bayansa. A shekara ta 1873 wani likita ɗan ƙasar Norwe mai suna Hansen ya ga ƙwayar cutar kuturta a madubin likita, a lokacin da jama'a, har da masana, suke ɗaukarta gado ce ko la'ana. Daga baya aka gane cewa ƙwayar tana son wuraren jiki masu sanyi, wato fata da jijiyoyin da ke kusa da ita, kuma jijiyar da ke kai labarin zafi ita take fara kashewa. Ke nan kuturta ba ta cin yatsu kamar yadda ake faɗi. Ƙaya da wuta da ƙotar hauya su ne ke cin yatsun da suka daina jin ciwo, rauni bisa rauni, har ƙashi ya ruɓe. Tana kuma da haƙuri irin na maharbi: tsakanin shigarta jiki da fitowar tabon farko akan yi kimanin shekara 5, wani lokaci har 20. Daga nan ne likitoci suka tsayar da alamomi uku, wanda ko ɗaya daga ciki ya isa: tabo mai haske wanda ba ya jin taɓi, jijiya mai kauri tare da mutuwar wurin da take ciyarwa, da ganin ƙwayar a ɗan ruwan fata. Ƙyasbi da makero suna iya kama da tabon kuturta ga ido, amma su suna jin auduga.

Maganin ma ba daga sama ya faɗo ba, kuma rabin labarinsa a maƙwabta aka yi shi. A Uzuakoli, kudu maso gabashin Najeriya, likita John Lowe ya nuna a ƙarshen shekarun 1940 cewa ƙwayar dafson mai araha, wadda ake haɗiya, tana kashe cutar. A wannan wuri ne kuma Stanley Browne ya gwada klofazimin a farkon shekarun 1960. Da cutar ta fara bijire wa dafson shi kaɗai, sai Ƙungiyar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ta ba da shawara a 1981 a haɗa shi da rifamfisin da klofazimin, a sha wata 6 ko fiye gwargwadon nauyin ciwon. Tun 1995 kyauta ake ba da wannan haɗi a ko'ina cikin duniya. Asibitin Danja da ke kudu da Maraɗi, wanda aka buɗe a 1956, ya ga zamanin da majiyyaci ke sha shekara da shekaru, ya kuma ga zamanin da wata 12 ya isa ga mai nauyi.

Da majo ya gaya wa ɗan kasuwan sunan cutarsa, bai tambayi ko zai warke ba. Abin da ya ce shi ne: "Majo, don girman Allah maganar nan ta tsaya tsakanina da kai. Wa zai sayi hatsin da na auna da hannuna?" Ba wauta ba ce. Ya san kasuwa, ya san cewa tiya ɗaya ba za ta fita daga buhunsa ba idan zancen ya shiga rumfuna, ya kuma san yana da ƴa da aka sa wa rana. Abin takaicin shi ne, tsoron jama'a ya tsaya inda ilimi ya baro shi tun tuni. Kimanin mutum 95 cikin 100 jikinsu ba ya kamuwa da kuturta ko da sun haɗu da ita; ba a ɗaukarta ta gaisawa ko ta cin tuwo a ƙwarya ɗaya, sai ta numfashi bayan doguwar zama da wanda bai fara magani ba; wanda ya fara kuwa ya daina yaɗa ta. Wato a shekaru ukun da Alhaji ya yi yana shafa mai, lokacin da ba wanda ya guje shi, a nan ne yake da haɗari ga iyalinsa. Ya sha maganinsa wata 12 a ɓoye, yana jure baƙin da klofazimin ke sa wa fata, yana ce wa masu tambaya rana ce ta hanya. Cutar ta mutu. Ƙaramin yatsan kuwa bai dawo ba, domin jijiyar da ta daɗe a mace magani ba ya tayar da ita. Har yanzu a kowace shekara ana samun ɗaruruwan sabbin masu kuturta a Nijar, kuma da yawansu sai bayan hannu ko ƙafa ta lalace suke zuwa.

Akwai wata cutar mai shiru wadda ta fi kusa da ma'aikatan gwamnati, musamman mushen lakwal ko malamin gona da aka tura daji karon farko. Takan fara da ɗan ƙurji a hannu ko ƙafa da damina, ya girma sannu-sannu, ya yi ɓawo ko ya buɗe ya zama gyambo mai tudun baki kamar bakin tukunya, mako da makonni ba ya warkewa, kuma galibi ba ya zafi in ba wata ƙazanta ta shiga ba. Sunanta a likitance leshmaniya ta fata, kuma a Damagaram ne aka fara bayyana ta a duk Afirka ta Yamma: a 1911, shekarar da birnin ya zama mazaunin gwamnatin mulkin soja, wani likita Bafaranshe mai suna Stevenel ya rubuta cewa gyambunan da yake gani a yankin su ne waɗanda aka sani a ƙasashen Larabawa. A 1921 masu bincike a Aljeriya suka nuna cewa wani ɗan ƙuda mai gashi, wanda bai kai rabin sauro ba, shi ke kawo ta. A ƙarshen shekarun 1970 kuma, a Senegal, aka kama ƙwayar cikin kusan daji da cikin ƙudan da ke kwana a ramukansu. Duk wanda ya san jigawar Damargu da ramukan kusa a gindin kowane rumbu, ya kuma san cewa da zafi ba mai kwana cikin ɗaki, zai gane dalilin da ya sa wannan labari ya shafe shi.

A Yamai, tsakanin 1985 da 1987, likita Develoux da abokan aikinsa sun bi mutum 64 da madubi ya tabbatar suna da ita. Sun tarar gyambunan galibi fiye da ɗaya ne, a wuraren da tufa ba ta rufe ba, ba safai a fuska ba, mafi yawansu sun fito tsakanin Yuni da Oktoba, kuma akasarin masu su mutanen karkara ne. Amfanin sanin haka a aljihu yake. Irin da ke yankin Sahel yakan warke da kansa cikin watanni, ya bar tabo, kuma allurar fenisilin ba ta yi masa kome. Nawa ne ma'aikacin da ya zuba rabin albashinsa a allurai, har ranar da gyambon ya gama kwanakinsa, a yaba wa allurar ƙarshe? Maganinsa na ainihi, Glucantime, mai ƙarfi ne ga zuciya da hanta, shi ya sa likita ne ke auna ko ciwon ya kai a yi shi. Wani abin mamaki, wanzamin da ke yi wa irin wannan gyambo sakiya bai ɓata gaba ɗaya ba, domin ƙwayar ba ta jure zafi. A wani gwaji da aka yi a Kabul aka buga a 2005, an warkar da mutane da na'ura mai ɗumama wurin zuwa digiri 50 na daƙiƙa 30. Sai dai tsakanin digiri 50 da jan ƙarfe akwai tafiyar raƙumi, kuma tabon ƙarfen yakan fi na cutar muni.

Su kuma ƴan kasuwa suna da tasu tuhumar. Da yawa daga cikin mayukan da ake ɗauko wa daga Kano da Maraɗi ana tallarsu a tire suna ɗauke da sinadarin kortizon mai ƙarfi. Yana kashe ƙaiƙayi nan take, mai saye ya yi murna, amma a ƙarƙashi makero na ƙara faɗi, kamanninsa na sauyawa, har wanda ya ƙware ma ya rasa gane abin da yake kallo. Mai talla bai yi nufin cuta ba, neman abincinsa yake, amma kwalba ɗaya yake miƙa wa mai ƙyasbi da mai kirci da mai kuturta, alhali ba cuta ɗaya ba ce.

Likitocin fata a Nijar kaɗan ne, kuma a manyan birane suke. Daga Tanut zuwa Damagaram kimanin kilomita 150 ne, ga mutumin rugar da ke bayan Balbeji kuwa sai ya fara neman abin da zai kai shi bakin hanya. Ba wanda zai yi wannan tafiya don tabon da ba ya ciwo. A nan ne wani bincike da aka yi a Mali yake da daraja. A farkon shekarun 2000, likitoci Antoine Mahé da Ousmane Faye sun koya wa ma'aikatan ƙananan gidajen likita 400 na yankin Bamako, a horo na yini ɗaya tak, yadda za su rarrabe cututtukan fata da suka fi yawa ta bin alamomi ɗaya bayan ɗaya, da lokacin da ya kamata su yi zargin kuturta. Sakamakon da aka buga a 2005 ya nuna cewa majiyyatan da suka samu sunan cutarsu da maganin da ya dace sun tashi daga kashi 42 zuwa 81 cikin 100, kuɗin takardar magani kuma ya ragu da kashi 25, kuma bayan wata 18 ma'aikatan ba su manta ba. Ba a kawo wata na'ura ba, ba a gina wani ɗaki ba.

Tun 2018 OMS ta ƙara wani mataki, bisa wani gwaji da aka yi a Bangladash wanda ya nuna cewa rifamfisin sha ɗaya yana rage kamuwar mutanen da ke zaune da mai kuturta da fiye da rabi cikin shekara biyu. Amma kafin a ba su, sai an duba kowa na gidan a hasken rana, daga kai har tafin ƙafa, sai an samu mace da za ta duba mata, kuma sai mai gidan ya yarda a gaya wa iyalinsa dalilin zuwan majo.