Me Ya Sa Mota Mai Tobo Take Cijewa?

Idan karanshaf yana juyawa sau 6,000 a minti, kowane fulogi yakan ba da wuta sau 50 a daƙiƙa guda, kuma dole wutar ta zo 'yan digiri kaɗan kafin fistin ya kai ƙarshen hawansa. In ta yi sammako, matsin ƙonuwa ya tare fistin yana kan hawa. In ta makara, ƙarfin ya bi salansa ya fice a banza. Wannan lokacin tashin wuta shi kanikawa ke kira taimin. Direba ba ya ganin lissafin. Abin da ya sani shi ne ya taka totur, mota ta cije, ta yi jim, sannan ta fizga.

A gareji da yawa, maganin farko shi ne canje-canje: fulogi yau, kwil gobe, sansa jibi. Ni kuwa na daɗe da gamsuwa cewa a injin zamani, taimin da ke hawa da sauka galibi shaida ne, mai laifin yana wani wuri.

Ga dalili. Tobo yana cusa wa silinda iskar da ta fi wadda za ta iya shaƙa da kanta, sai matsi da zafi su ƙaru. Idan suka wuce kima, ragowar fetur da iskar da wuta ba ta riga ta iso ba sukan fashe da kansu, a ji ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa cikin gwangwani. Wannan ƙwanƙwasa daban take da abin da muke nufi idan muka ce inji ya buga, amma tana cikin hanyoyin da ke kai shi can, domin tana iya fasa gefen fistin. Saboda haka ake ɗaura wata sansa a jikin inji mai sauraron girgizar. Da ta ji, sai kwamfutar mota ta jinkirta wuta, ƙarfi ya ragu. Tun 1982 kamfanin Saab na Suwidin ya fito da tsarin APC, wanda ke sassauta matsin tobo idan ya ji irin wannan ƙara. Cijewar da ke ɓata wa direba rai, sau da yawa dabarar inji ce ta tsira da ransa.

Tambayar da ta dace ke nan: ƙwanƙwasar gaskiya ce, ko kuwa wata sansa ce ke yi wa kwamfuta ƙarya?

Tawa motar ta soma wannan hali ne cikin zafin bazara, a hanyar Kano zuwa Zariya, kuma ba ta tashi yi sai na fito zan wuce tirela. Daƙiƙa biyu na jinkiri a hannun da ba naka ba, ga wata mota tana tahowa, ba abin wasa ba ne. Na'urar bincike ba ta nuna lambar matsala ko ɗaya ba. Tsarin OBD-II, wanda ya zama dole a Amurka tun 1996, yakan ba da P0300 idan silinda suna tsallake wuta, P0325 ga layin sansar ƙwanƙwasa, P0335 ga ta karanshaf. Amma kwamfutar da ke kare inji aikinta take yi, ba ta ganin abin kai ƙara.

Bakaniken da na samu dattijo ne mai haƙuri. Ya ce: “Alhaji, tana tsaye ba za ta gaya mana gaskiya ba, sai mun hau titi.” Muka fita da na'urar a jone tana rubuta bayanai. Layin juyin inji ya tafi sumul, abin da ya wanke sansar karanshaf, domin da ita ce da an ga lambobin suna tsalle. Taimin kuwa yana nan daram har sai tobo ya cika, sannan ya faɗi da kusan digiri 10. Kenan matsalar tana bin nauyin aiki. Sai ya jona agogon auna matsin mai. A irin wannan inji, matsin yakan fara daga wajen ba 3, ya riƙa hawa daidai da matsin tobo. Ba 1 na tobo na bukatar ba 4 na mai. Namu ƙasa ya yi. Famfon mai ya gaji, matatarsa ta toshe, fetur ya yi wa iska kaɗan, silinda ta ɗau zafi, ƙwanƙwasa ta biyo baya.

A wata motar sanadin kan zama fetur mai ƙarancin oktan, ko bakin fulogi da ya buɗe har wuta ta kasa tsallakawa cikin matsi, ko ƙurar hunturu a kan sansar auna iska, ko ma wani ƙarfe da ya kwance yana kaɗawa, sansa ta ɗauka ƙwanƙwasa ce. Hanyar binciken dai ɗaya ce: a gano yanayin da abin ke faruwa, a auna a cikin yanayin, sannan a taɓa sifana.

Abin da nake jan kunne a kai shi ne shawarar cire sansar ƙwanƙwasa, ko sake wa kwamfuta lissafi don ta daina jinkirta wuta. Mai yiwuwa motar ta saki jiki na ɗan lokaci, alhali ciwon yana nan yana cin fistin. Kafin a gano sanadi, a sassauta ƙafa a kan totur, kada a bar tobo ya cika. Kuɗin famfon mai bai kama ƙafar na sabon inji ba.