Daga Ƙanƙarar Suwizalan Zuwa Dutsen Kufena

Maganar ta samo asali ne daga wani labari da autanmu ya karanta a zaman da mukan yi ran Asabar bayan la'asar, a gindin wata darbejiya a nan Danja. Tauraron labarin ɗan attajiri ne, ya ɗauki amaryarsa suka tafi Suwizalan, suka ɗaura dogayen katakai a ƙafa suna zamiya a kan ƙanƙara tun daga ƙololuwar dutse har gindinsa. Yaron ya iya jera magana, ba laifi. Amma da ya dire, sai dattijonmu, wanda tsohon malamin makaranta ne, ya cire tabarau ya ce, "Ɗana, ka taɓa hawa dutse?" Ya ce, "A'a, Baba." Ya ce, "To, yaya gwiwar mutum take yi idan ya kusa kaiwa sama?" Shiru. Mu da muke dariya kuwa, da aka bi mu ɗaya bayan ɗaya, sai aka tarar cikinmu mu goma sha ɗaya, biyu kaɗai suka taɓa hawa abin da ya fi rumbu tsawo.

Nan take muka yanke shawarar sai mun hau dutse kafin hunturun 2023 ya wuce. Wani mai karance-karance a cikinmu ya ce ai ba sai an je Turai ba, a Maroko ma akwai Ukaimidin, kan duwatsun Atlas kusa da birnin Marrakesh, inda ake wannan zamiya. Muka gode masa, muka tambaye shi ko zai sayar da gonar gado ya kai mu. Daga ƙarshe ra'ayi ya tsaya a kan Jos, saboda duwatsun Shere da ke gabashin garin, waɗanda tsawonsu ya haura mita 1,800, ga kuma sanyin da ake ba da labari.

To, jama'a, baki shi ke yanke shawara, aljihu shi ke zartarwa. Sakatare ya ɗauko takarda ya fara jerawa: mota daga Danja ta Hunƙuyi zuwa Zariya, wata daga Zariya ta Pambeguwa da Saminaka zuwa Jos, masauki na kwana biyu, abinci, sai ɗan abin ko-ta-kwana. A watan Mayun shekarar aka janye tallafin man fetur, saboda haka duk kuɗin motar da muka sani a da ya zama tarihi. Da aka haɗa lissafi, sai idanu suka koma kan asusun ƙungiya, wato kuɗin da muka shekara uku muna tarawa don buga kundin gajerun labaranmu. Tafiyar za ta lashe fiye da rabinsa.

Ma'aji ya rungume jakarsa ya ce kuɗin ɗab'i ne, ko sisi ba zai fita ba. Masu son tafiya suka ce mene ne amfanin buga littafin da marubutansa ba su ga komai ba? Kowane ɓangare da gaskiyarsa, shi ya sa rigimar ta yi zafi. Har wani ya ce a ba shi abin da ya zuba ya kama gabansa. Asabar biyu ba mu zauna ba.

Abin kunya shi ne, duk wannan hayaniya ba wanda ya lura cewa tsarin ya zubar da rabin ƙungiya tun kafin a tashi. 'Yan'uwanmu mata uku ba za a bar su su kwana a wani gari ba. Masu lambu kuwa, wa zai bar tumatirinsa kwana uku ba ban-ruwa a watan Disamba, ko ya bar rake a lokacin da ake matse shi ana dafa mazarƙwaila? Ɗaya daga cikin matan ce, wadda ta yi karatu a Zariya, ta ce, "Malam, Kufena fa? Ko shi ba dutse ba ne?"

Da farko mun raina shawarar, don Kufena abin da muke hange ne daga mota. Dattijonmu ne ya tuna mana cewa masana tarihi na lissafa shi tare da Turunku cikin mazaunan Zazzagawa na dā, kafin a kafu a birnin Zariya, kuma har yanzu akwai burbushin ganuwa a wajen. Sabon lissafi bai cika rabin shafi ba. Yini ɗaya, kowa da kuɗin motarsa, asusu ba a taɓa shi. Guzuri daga gida: garin kwaki da ƙuli-ƙuli, dafaffen ƙwai, rake, da jarkar ruwa. Muka aika aka tambayi mutanen Wusasa halin tsaro, don zamani ya canza, suka ce mu hau da hantsi, mu sauko kafin la'asar, kada mu rabu. Kuɗin motar autanmu kuwa, dattijo ya biya a ɓoye, mu kuma muka yi kamar ba mu sani ba.

Hawan ya ba mu kashi. Gwiwa rawa take yi, ashe, maƙogwaro ya bushe, hira ta mutu tun a tsakiya. Da muka kai sama, birnin da muka zo gani hazo ya lulluɓe shi fari fat, sai hasken kwanon rufi jefi-jefi.

A wajen saukowa muka iske wasu yara masu kiwon awaki sun yanka tsohuwar jarka gida biyu, suna zama a ciki suna zamiya a kan wani sulɓin fa, suna ihu. Autanmu ya tsaya ya daɗe yana kallo, sannan ya roƙi aron jarkar. Ya sauko da gudu, ya wuce inda yaran ke tsayawa, ya ƙare cikin ƙaya, wandonsa ya yage tun daga gwiwa. Ma'aji ya ara masa mayafin da ya zo da shi don sanyi, da sharaɗin ya dawo da shi a wanke ran Asabar, tare da labarin nan, an sake rubuta shi.