Yatsun Yaran Rano da Jeren Iya a Kibiya

Tunda ka ƙi biyo ni, sai ka haƙura ka saurari labari. Sunan ɗan abokin aikina ne ya kai ni Kibiya, kuma hanyar da na bi daga birni ta Rano take bi. Na hau mota a titin Zariya da sanyin safiya, mutum huɗu a baya, biyu a gaba, hazon hunturu ya rufe gari. Muka wuce Na'ibawa, muka haye gadar Tamburawa, a Karfi direba ya karya kan mota hagu bayan 'yan tallar masara sun gama zagaye mu. Daga nan har Bunkure ido ba ya ganin komai sai kore a tsakiyar rani: tumatir, albasa, alkama. Ruwan dam ɗin Tiga ne, wanda aka kammala a 1974 zamanin Audu Bako, yake biyo magudanai yana shayar da gonakin nan.

Wani yaro ne a gefena, bai fi shekara sha huɗu ba. Ya riƙe wayarsa a kwance da hannu biyu yana tseren mota, ba ya danna komai, karkata ta kawai yake yi. In motar cikin wayar za ta sha kwana, sai ya kwanto da kafaɗarsa a kaina, in za ta koma ɗaya gefen, sai ya faɗa kan dattijon da ke jikin ƙofa. Dattijon ya daure har muka wuce Bunkure, sannan ya ce, “Yaro, kai kake tuƙa mu ne ko direba?” Yaron ya ce, “Yi haƙuri Baba,” ya gyara zama. Ba a yi nisa ba kafaɗar ta sake tafiya.

Ka tuna yadda muka yi namu wasan a gidan gem na Fagge, fad a hannu, igiya ta ɗaure mu da talabijin, babban yatsa yana aiki jiki yana zaune wuri ɗaya. Wannan yaron jikinsa duka ya shiga wasan. Abin da ke ba shi dama wata 'yar na'ura ce a cikin wayar, ba ta kai ƙwayar shinkafa ba, wadda ke auna motsi da karkata. Ka ɗauki ƙwarya da ruwa a ciki ka ɗan kifa ta gefe, ruwan zai gaya maka inda ƙasa take. Haka take aiki. Ita ce ma take juya maka hoto idan ka kwantar da waya.

Muka shiga Rano rana ta ɗaga. Abin da ya fara kama idona duwatsu ne, manya-manya, wasu a kan wasu, mu da muka saba da Dala da Goron Dutse kaɗai. Na ji nauyi a raina cewa tun firamare nake haddace sunan garin nan a cikin Hausa Bakwai, na san ita da Kano ake kira sarakunan baba saboda rini, na san sarkinta ake yi wa kirari da Autan Bawo, kullum ina shan mai a gidajen man A.A. Rano, amma ƙafata ba ta taɓa taka ƙasarta ba. Masarautar ma ta sha juyi a 'yan shekarun nan: an ɗaga ta a 2019, aka rushe a 2024, aka sake kafa ta a shekarar da daraja ta biyu, Rano da Kibiya da Bunkure a ƙarƙashinta. Mutanen gari suna ba da wannan labari ba tare da ɗaga murya ba.

Wayata ta kusa mutuwa, sai na nemi wurin caji. Aka nuna min wani shago kusa da tasha, sola a kan rufi, wayoyi jere a kan katako kowacce da lambarta. Mai shagon yana gyaran waya, yana tura fina-finai da waƙoƙi, a bayan labule kuma yana da talabijin biyu da PlayStation inda samari ke biyan kuɗi su buga ƙwallo. Amma yaran da ke waje sun fi na ciki yawa. Sun zauna a kan benci, kai a haɗe, kowa da wayar yayansa ko ta babansa. Mai data yana buga Free Fire, wasan harbe-harben da ya fito a 2017. Marar data yana buga Dream League Soccer ko Temple Run, waɗanda ba sa buƙatar intanet, kuma da Xender suke tura wa juna su kyauta.

Na daɗe ina kallon hannayensu. Wani yana wasa da yatsu huɗu, manya biyu a ƙasa, manuniya biyu a sama, kowanne da aikinsa: tafiya, juya ido, tsalle, harbi. Gilashin wayarsa ya tsage, an liƙe shi da salatif, ya san daidai inda ya mutu, har ya matsar da madannin harbi daga wurin. Lokaci zuwa lokaci sai in ga ɗayansu ya hura wa yatsansa iska daga baki ko ya goga shi a goshi. Mai shagon ya ce hunturu ne. Gilashin ba nauyin yatsa yake ji ba, 'yar wutar da jikin mutum ke ɗauka yake ji, shi ya sa tsinke ko farce ba sa motsa shi. Yatsan da ya bushe ya yi kanta, irin na yaron da ya taso daga gona, wani lokaci sai an ɗan jiƙa shi. Da bazara kuma gumi ne ke ɓata wasa.

Da ya ga tambayoyina sun yi yawa, sai ya ce, “Yallaɓai, in gem kake so, zo ka ga na gaske.” Ya jawo wani kwali daga ƙarƙashin teburi. Fad ne a ciki sun fi ashirin, na PlayStation ta farko masu launin toka, na PS2 baƙaƙe, wasu an ɗaure igiyarsu da zare. Akwai Nokia 3310 guda uku, waɗanda muka yi ta bin maciji a kansu bayan wayar GSM ta shigo Najeriya a 2001. Akwai ƙaramin gem ɗin nan mai batir da ake jera bulo. Akwai faya-fayan PS2 a cikin jakar leda, an rubuta sunan kowanne da maka. Kusan duk sun mutu. Na ce, “Malam, me za ka yi da su?” Ya ce ba komai. 'Yan gwangwan sun sha yi masa tayi a kan kilo, ya hana. Ya ɗauko wani fad da madanninsa ya lotse, ya ce da wannan ya fara sana'a, kuma yatsun rabin samarin unguwar ne suka cinye robar.

Shi ba ya ƙaunar wasan shafa. Hujjarsa ita ce fad yana amsa maka, kana jin madanni ya shiga ya dawo, ba sai ka kalli hannunka ba, gilashi kuwa santsi ne kawai, kuma yatsanka yana rufe maka abin da kake kallo. Na yarda da shi a nan. Manyan kamfanoni ma sun daɗe suna kokawa da wannan. Nintendo na Japan ya fito da DS mai allon taɓawa a 2004, sannan Wii a 2006, wadda ake kaɗa sandarta a iska a buga tanis, aka sayar da fiye da miliyan 100. Microsoft ya kawo Kinect a 2010, kyamara ce ke kallon jikinka ba ka riƙe komai, amma daga baya ya daina ƙera ta. Wii da Kinect suna son falo mai faɗi da wuta tsayayya da aljihu mai nauyi. Mu ta wata ƙofa abin ya shigo mana, ta Tecno da Itel da Infinix, wayoyin kamfanin Transsion na birnin Shenzhen a ƙasar Sin, waɗanda talaka ke iya saye kuma cajinsu ke kai yini.

Da azahar na hau babur zuwa Kibiya. Hanyar ba ta da tsawo, gonakin dawa an girbe, karan an tara shi tsibi-tsibi, ƙura ta mayar da ni fari fat. Gidan suna ya cika, an yanka rago, an ajiye mana tuwo da miyar kuka a zaure. Bayan la'asar abokina ya ce in shiga in gaida kakarsa Iya.

A tsakar gida na ga abin da ya sauya min tunani game da hujjar mai shagon. 'Yan mata biyu suna carafke, dutse yana tashi sama hannu yana kwashe na ƙasa kafin ya sauko. Kusa da su wasu uku sun kewaye wayar mahaifiyarsu suna jera alewa masu launi a Candy Crush, wata ƙarama da ba ta shiga makaranta ba ita ke nuna musu inda za su ja. Ka gaya min, a duk shekarun da muka yi a gidan gem, yarinya nawa ka taɓa gani ta shigo? Wurin na maza ne, ana biya, ana ihu, ba uwar da za ta bar 'yarta ta je. Fad yana da madannai fiye da goma, sai an koya maka. Gilashi kuwa ba ya tambayar ko ka iya karatu: ka ga abu, ka taɓa shi, ya motsa. Duk santsinsa, shi ya kai wasan har ɗakin da fad bai taɓa shiga ba, kuma ni wannan ba ƙaramin abu ba ne a wurina.

Iya tana zaune a kan tabarma, na durƙusa na gaishe ta, ta ce, “Sannu da hanya ɗan nan, ya mutanen birni?” Na amsa, amma idona yana bango. Jere ne tun daga ƙasa har kusa da rufi: kwalla da samira da fanteka, tasoshi masu ɗaukar ido, kwanukan sha masu furanni, kowane saiti babba a ƙasa ƙarami a sama. A birni kabet da kayan tangaran sun kore irin wannan tuntuni, rabona da ganinsa tun ɗakin kakata. Ba a cin abinci a cikinsu. Sai an yi sallah ko biki ake sauke su a wanke a goge a mayar. Ta bi su da sanda tana faɗa min: waɗannan na aurenta ne, waɗancan ta saya da kuɗin ƙuli-ƙuli, wannan saitin na haihuwar farko, wancan giɓin kuma wanda ta cire ta sa wa jikarta a gara. A da dukiyar mace ke nan, tana ganin ta da ido, in ta matsu ta sayar da ɗaya.

Sai ta sa aka miƙo mata wani gwangwanin madara. Kuɗin da ne a ciki: anini, ɗari, kwabo mai huji, taro, sisi, sule. Ta ɗora min kwabo ɗaya a tafin hannu, ga tauraro mai ƙahoni shida, ga rubutun Larabci a jikinsa, kuɗin Afirka ta Yamma na zamanin Turawa. Kwabo sha biyu sule ɗaya, sule ashirin fam ɗaya, haka aka yi ta lissafi har ranar 1 ga Janairu 1973 da naira ta shigo. Jikokinta suka bar waya suka taho, kowa yana son ya leƙa ta cikin hujin. Ta bar su suka taɓa, sannan ta ƙirga kayanta ta rufe.

Da dare a zaure wani ƙanin abokina ya ba ni labarin nasa tarin. Ya shekara yana sayen riguna da bindigogi a Free Fire da kuɗin da yake samu a ɗaukar tumatir. Aka sace wayar a kasuwa, ya manta lambar sirri, layin da ya yi rajista da shi ba nasa ba ne. Komai ya tafi. Yana faɗa yana kallon ƙasa, ni kuwa ban ga abin dariya ba, domin gumi ya biya. Kayan suna ajiye ne a kwamfutocin wani kamfanin Singafo, aro aka ba shi. Na gaya masa cewa a Amurka, a 2021, an yi gwanjon wasan Super Mario 64 guda ɗaya da ba a buɗe kwalinsa ba a kan dala miliyan 1.56. Ya ce to shi ko kwalin ba a ba shi ba.

Da na juyo ta Rano na sake tsayawa a shagon, na ba mai shi labarin jeren Iya. Ya ce shi ma yana so ya buga katako a bango ya jera nasa, yara su riƙa gani. Abin da ya rasa shi ne fad ɗin Sega mai madannai uku da sandar Wii, wadda bai taɓa riƙewa ba sai dai a bidiyo. Na yi masa alkawarin zan duba a Farm Centre da titin Beirut. Kai ma na san akwai kwalin kayan gem ɗinmu a saman silin gidanku. Kar ka bari a ba 'yan gwangwan. Ka sauko da shi ka kaɗe ƙurar, zan zo in ɗauka ranar Asabar.